Harin da Aka Kawo Mana a Kan Tudu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tarwatsa ayarin masu ziyara da bakina ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a nan Gaya ba za su bar ni ba. Gara in ba ku labarin da kaina, don in kuka ji shi a bakin wasu za ku tarar an yi masa ƙaho da wutsiya.

Ni dai mace ce ta cikin gida. Ba kulle ake yi mini ba, maigidana Malam bai taɓa hana ni fita ba, ni ce kawai ban ga abin da ke waje wanda babu shi a tsakar gidana ba. Ga inuwar mangwaro, ga tandata ta masa, ga masu saye suna zuwa da ƙafarsu, kowa da labarin da ya kwaso. To me zan fita nema? Lakwal ma, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, tun muna rera a-be-se na ga zaman benci ba nawa ba ne, na koma gindin murhun innata. Amma abin da Allah ya rage mini a karatu ya ƙara mini shi a kunne. In baƙo ya yi sallama a zaure, kafin ya cire takalmi na san ko gada ya hayo daga Benin, ko daga Kamba yake, ko ɗan Karakara ne. Zabarmanci da Dendi a bakin tanda na tsince su wurin masu sayen masa, Fulatanci kuma wurin masu tallan nono. In na kwaikwayi muryar mutum, matarsa ma sai ta leƙo. (Wannan ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne, amma ku yi haƙuri, yanzu za ku ga inda ya kai ni.)

Abin da ya fitar da ni daga gida kuwa ba ƙarami ba ne. Ɗiyata ta fari, Rakiya, naƙuda ta zo mata da gardama. Muna zaune a barandar matarnite, asibitin haihuwa, sai ungozoma ta fito ta ce a yi ta addu'a, ta koma ciki ba ta yarda mun haɗa ido ba. Duk wadda ta haifa ta san abin da wannan ke nufi. Nan na ɗaga hannu na ce, "Ya Allah, in ka sauke yarinyar nan lafiya, ni kuma zan taka da ƙafata tun daga ƙofar gidana har hubbaren Malam Babba, in yi sadaka, in gode maka." Malam Babba wani malami ne na zamanin kakanninmu, kabarinsa na wani ɗan ƙauye a bayan duwatsu, can wajen Zabori. Duk shekara in an gama girbi, mabiyan gidansa kan haɗu su tafi ziyara a ƙasa, don an ce shi ma a ƙasa yake bin ƙauyuka yana karantarwa, ko jaki bai taɓa hawa ba. Kakata ta je, innata ta je. Ni kuwa duk shekara nakan raka masu tafiya har zaure in ce a gaishe shi.

Allah ya karɓa. Rakiya ta sauka lafiya, ɗanta ƙato kamar tuwo yake ci a ciki. Bayan suna na gaya wa Malam alwashin da na yi. Yana shan koko, sai da ya ajiye ludayi.

"Ke? Da wace ƙahwa?"

"Da wagga da kake gani."

"Wagga da ko gidan biki na bayan layi sai an kira mata kabu-kabu? Ki ciyar da miskinai ki huta, malamai sun ce ya halatta."

Na ce, "Malam, sa'ad da nike roƙo ban ce ma Allah 'ko kuma' ba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To Allah shi kai ki." Washegari ya sayo mini sababbin takalman roba.

Wadda ta fi kowa murna ita ce Hajo, taubashiyata. Babanta da innata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba ta da aikin yi sai tsokanata, kuma baiwarta take kirana. Ita ta sha zuwa ziyarar. Ranar da za mu tashi ta dafa amalanken jakin da ke ɗauke da kayanmu ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Baiwata, na yi miki shimhiɗa nan bisa buhu. Ba mu hita gari sai kin hau."

Na ce, "Ki aje ma kanki, uwar ɗakina, na ga gwiwarki na kuka tun yanzu."

Jagoranmu Malam Idi ne, limamin zawiyar unguwa, dogo siriri, kullum da lema a hammata. Amalanke kuma ta Ɗan Tani ce, shi da jakinsa. Tana ɗauke da gari, da tabarmi, da bidon-bidon na ruwa, kuma duk wanda ya gaji ya hau ya huta, babu abin kunya. Kowa yana da wannan dama ban da ni. Ni in na ɗora ko da rabin ɗuwawu a kanta, alwashina ya tashi a banza, sai in koma ƙofar gida in sake lale.

Ashe haka duniya take da faɗi? Wallahi ban sani ba. Muka bar gari, muka ratsa dajin giginya, mata suna tono muruci suna ɗaga mana hannu. Muka bi gefen fadama inda rake ya fi mutum tsawo, masu gona suna karyo mana suna cewa mu sa su a addu'a. Muka wuce gonakin gero da aka girbe, kara a kwance, sababbin rumbuna a tsaye kamar amare. Inda rana ta faɗi mana nan za mu sauka, mutanen ƙauye su share mana fili, su kawo fura, da safe mu gode mu wuce. Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Yashi ya ƙare, sai jan dutse da tsakuwa, a hau wannan tudu, a gangara, a tarar wani yana jira. In ka kai sama ka waiwaya sai ka ga hanyar da ka biyo ta zama kamar zare, ka ce kai, duk wannan ni na taka?

Ƙafata kuwa ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kansa. Da asuba in zan miƙe sai na yi dabara, in dafa ƙasa, in dafa gwiwa, in dafa Hajo. Amma na miƙe. Kullum Ɗan Tani sai ya tambaye ni, "Inna, ba a hawa?" in ce masa, "Gaida jakinka." Har Hajo ta fara rage baki. Wata safiya na kama ta tana shafa mini man kaɗanya a dunduniya tana tsammanin barci nake, da na buɗe ido ta ce, "Kada ki ɗauka so ne. Baiwa in ta gurgunce wa ke da asara?"

Ga shi kuma na zama tafintar ayari. Duk inda muka tarar da wanda ba ya jin Hausa sai a ce a kira ni. Ni na tambayi Fulani hanya, ni na yi cinikin nono, ni na gaisa da tsofaffi a ƙauyukan Zabarmawa har suna tambayar ko ɗiyar wane ce ni a cikinsu. Sau ɗaya ma Malam Idi ya gwada nasa Zabarmancin, yana so ya tambayi wani dattijo lafiyar iyali, na gyara masa a gaban jama'a. (Allah ya yafe mini. Da na san abin da ke gaba da na bar shi da kayansa.) Kaina ya yi girma har ɗankwali ya fara matse ni.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ina da wata ƴar rediyo da ba na rabuwa da ita, a gida a jikin rumfa take rataye, a hanya kuma na ɗaura ta a gefen zane. Kun san halin da ake ciki a ƴan shekarun nan. Ka kunna da safe a ce an kai hari can, ka kunna da yamma a ce an kai hari nan. Ba abin dariya ba ne, akwai waɗanda muka sani da abin ya taɓa, Allah ya kawo mana sauƙi. Ni kuwa duk abin da ya shiga kunnena ba ya fita, can yake samun wuri ya kwanta. Sai ga shi a wani ƙauye da muka sauka, mai gari ya ja Malam Idi gefe ya ce masa kada mu bi hanyar da aka saba, wadda ta yi kusa da iyaka, don an kore wa wasu shanu a wajen. Ya ce mu ratsa ta kan tudu, ta fi wuya amma ta fi kwanciyar rai. A hankali suke magana, amma wa zai ɓoye wa kunnena? Ban gaya wa kowa ba. Na haɗiye abina.

Hanyar tudun nan babu wanda ya taɓa bin ta a cikinmu. Ga duwatsu, ga sabara da geza, babu gida babu rijiya. Ruwanmu ya ƙare tun hantsi, don bido ɗaya ya tsage a kan amalanke ba wanda ya lura. Rana ta take tsaka. Masu waƙar bege suka yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa da numfashi. Akwai tsofaffi a cikinmu da leɓensu ya bushe har ya yi fari. Ni ce a gaba ranar, ba don ƙarfi ba, sai don in nuna wa Hajo. Mun kai tsakiyar wani dogon hawa ke nan sai na ji ihu daga sama.

"Hari! Hari!"

Na ɗaga kai. Mutane ne suka ɓullo daga bayan duwatsu, suna gangarowa da gudu, wani abu yana walƙiya a samansu, rana ta haske mini ido ban ga ko su wane ne ba. Suka sake kwarma ihu, "Hari! Hari!"

Jama'a, ban san ina da murya irin wannan ba. Na juya na ɗora hannu a ka na ce, "Wayyo Allah! Hari! An kawo muna hari! Ku gudu!"

Kuma tunda tafinta ce ta faɗa, wa zai tsaya tambaya?

Kafin ka ce kwabo ayari ya watse. Malam Idi ya tattare babbar riga, ya yar da lema, ya yi tsalle ɗaya ya haye wani dutse da ko akuya sai ta yi shawara. Jakin Ɗan Tani ya ji ihu ya juya da amalanke ya yi gangare, tabarmi da tukwane suna zuba, Ɗan Tani na binsa yana kiran sunan uwarsa (uwar jakin ko tasa, har yau ban sani ba). Wata dattijuwa da tun fitowarmu ake riƙe ta saboda ciwon baya, na gan ta ta wuce kowa kamar an harba kibiya. Hajo mai ciwon gwiwa kuwa, ko ƙurarta ban gani ba. Ni ma na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bororo? Wane bororo? Na waiwaya sau ɗaya, sai na ga masu gangarowa sun watsar da abin da ke kansu, sun ƙara mai, suna kururuwa, sun nufo mu gadan-gadan. Na ce shi ke nan, sun zubar da kaya don su ji daɗin kama mu.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ni a cikin wani kwazazzabo, takalmi ɗaya babu, ɗaya a hannu, zane ya kama ƙaya. Na kife, na ja lulluɓi na rufe kai, kamar in ban gan su ba su ma ba za su gan ni ba. Ina ta karanto addu'a, sai can na lura ashe ta cin abinci nake ta maimaitawa.

Sai na ji tim! Mutum ya faɗo kusa da ni, ya cafke mini hannu. Na yi kalmar shahada. Da na ji ba a yanka ni ba sai na buɗe ido ɗaya. Wata tsohuwa ce, ƴar ƙarama, ba haƙori a gaba, tana haki kamar ranta zai fita, gammo na rataye a kunnenta. Ta girgiza ni ta tambaye ni da Zabarmanci, "Ɗiyata, me ya biyo mu? Me kuka gani a bayanmu?"

Na buɗe baki in ba ta amsa da yarenta, tunda ni ce gwana. Na ce, "Hari!"

Ta ce, "E, hari. Shi muka kawo muku. Me ya biyo mu?"

A daidai nan wani abu mai sanyi ya ɗigo mini a hannu. Na duba, zanenta sharkaf yake, ruwa na bin wuyanta yana sauka. Sai kalmar da na faɗa da bakina ta dawo mini a kunne, wannan karo da Zabarmanci.

Hari. Ruwa.

Ruwa, jama'a! Da Zabarmanci da Dendi duka, hari shi ne ruwa. Yaron da aka yaye jiya a Gaya ya san wannan. Ni da kaina kullum sai na faɗe ta a bakin tanda, in mai sayen masa ya ƙware in ce a miƙo masa hari. Ba ma sautinsu ɗaya ba da namu na Hausa, kuma da a tsakar gidana nake, ko cikin barci aka faɗa sai na bambance. Ashe matan wani ƙauyen Zabarmawa ne da ke bayan tudun. Wani makiyayi ya gaya musu ga masu ziyara nan sun biyo ta wajensu, abin da ba a taɓa yi ba, kuma da alama ƙishirwa ta kama su. Shi ne suka ciko tasoshi suka ɗoro a ka, suna rige-rigen lada, kowace na so a fara shan nata. Walƙiyar da na gani tasa ce. Da suka ga mun juya muna ihu muna gudu, sai suka ɗauka wani mugun abu muka hango a bayansu, suka watsar da ruwan suka biyo mu don su tsira.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Tsohuwa ta fahimta kafin in gama bayani. Ta dube ni, ta dubi takalmin da ke hannuna, sai ta faɗi a kan tsakuwa tana dariya har tana buga ƙafa. Da ƙyar na ce mata, "Ay nya," wato innata, "ki rufa mini asiri." Ta ce, tana share hawaye, "Da me? Zanen ma a jiƙe yake."

Tara jama'a ya ɗauki lokaci. Wannan ya fito daga bayan geza, wancan ya sauko daga itace. Malam Idi sai da aka kama masa hannu, don dutsen da ya hau da tsalle ɗaya ya ƙi saukuwa. Ɗan Tani ya dawo da jaki da rabin kaya. Da aka natsu, aka ga ba wanda ya karye, Malam Idi ya karkaɗe riga, ya karɓi lemarsa, ya ce, "Wai wa ya hwara cewa hari?"

Ina jin idon Hajo a ƙeyata. Na ce in na bari ta faɗa na mutu sau biyu, don haka na ɗaga hannu da takalmi a ciki.

"Ni ce, Malam."

"Ke? Tahintarmu?" Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "To ni dai Zabarmancina ba shi da kyau, an hwaɗa mini gaban jama'a. Amma ko ni na san hari."

Wayyo dariya! Har waɗanda ƙishirwa ta hana magana sai da suka samu abin yi da ita. Hajo ta riƙe ciki ta durƙusa tana cewa, "Baiwata ta guje ma ruwa! Jama'a ku shaida, ruwa ya kore ta!" Na ce, "Ke da kinka riga ni kai gindin tudu fa?" Ta ce, "Ni umurnin tahinta na bi!"

Amma dariya ba ta kashe ƙishirwa. Ruwan duk ƙasa ta shanye, tasoshi na warwatse a kan hawa. Dattijuwar nan mai ciwon baya, da gudun ya sake ta, sai ta zube a inuwar dutse, idonta ya fara juyawa. Rijiya kuma tana can bayan tudu, sai an hau an gangara. Ni ma da na duba ƙafata sai na ga dutse ya tsaga mini tafin, jini na zuba, idon sawu ya fara kumbura. Takalmi ɗayan an neme shi an rasa.

Malam Idi ya daina dariya, ya tsuguna ya duba. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan larura ce. Ki hau amalanke. Allah ya ga niyyarki, in mun koma ki yi kaffara, ba wanda za ya zarge ki."

Ɗan Tani ya jawo jaki kusa. Hajo ma ba ta ce uffan ba, ta shiga gyara buhu. Wannan shirun nata ya fi duk tsokanarta yi mini ciwo. Ba zan ɓoye muku ba, na dubi buhun nan, ya yi mini kyau kamar gadon amarya. Sai na tuna barandar matarnite. Ranar ba a ce mini ga rabin Rakiya ba, duka aka ba ni, har da ƙari.

Na ce, "Malam, na gode. Hajo, ara mini ɗankwalinki."

Na naɗe ƙafa da shi tamau, na sa takalmi ɗaya a ɗayar, na ɗauki tasa mafi girma a cikin waɗanda aka tsinto. Na ce da tsohuwa da yarenta, "Ni na zubar, ni zan ɗebo. Mu je." Ta dube ni sama da ƙasa, ta cire gammonta ta ɗora mini a ka.

Hawan nan ba zan iya ba ku labarinsa ba. Kowane taku sai na ji shi har cikin haƙori. Matan ƙauyen suna gaba suna waiwayena suna ƙunshe dariya, wata ta ce in ba ta tasar, na ƙi. Muka gangara rijiya, muka ja guga, aka ɗora mini. Ni da rabona da ɗaukar ruwa a ka tun ina budurwa, famfo na tsakar gida ya lalata ni. Wuyana yana rawa, ruwa na fantsalo mini a fuska, ina lasa ina tafiya. Da muka sake kaiwa ƙoli na hango mutanenmu a ƙasa, sun yi jugum a ƴar inuwa. Na cika ƙirji da iska zan kira su, sai na ji muryar Hajo ta taso daga can ƙasa.

"Baiwata! Don Allah da Hausa!"

Na ce, "Ruwaaa!"

Ba wanda ya gudu. Dattijuwa ce ta fara sha daga tasata, ta sha, ta sha, ta ɗago ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kuma kin ga bayan nan nawa? Tun da na yi gudun nan ya saki."

A ƙauyen muka kwana. Tsohuwa ta dafa wani ganye ta gasa mini ƙafa, ta ba ni wasu tsofaffin silifa na jikarta, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Da su na ƙarasa. Ina ɗingishi, ina dogara sandar da Ɗan Tani ya sara mini, kullum ni ce ta ƙarshe, ayari na jirana a kan kowane tudu. Ba wanda ya sake ce mini in hau. Ɗan Tani ma ya daina tambaya, in ya zo wucewa sai ya ce, "Inna, jaki na gaishe ki."

Hubbaren Malam Babba ba wani gini ba ne. Ɗan ɗaki ne na ƙasa a gindin tsamiya, an shafe shi da farar ƙasa, an share gabansa tas. Da na hango shi daga kan tudu na ƙarshe sai na zauna a kan dutse na yi ta kuka kamar yarinya. Hajo ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna, ta ce a hankali, "Kin kai, ɗiyar inna." Tun da aka haife mu ba ta taɓa kirana haka ba. Na tashi na taka sauran da ƙafata har bakin ƙofa. Na yi wa Malam Babba addu'a, na yi wa innata da kakata da suka taka wannan ƙasa kafin ni, na raba sadakata, na gaya wa Allah ga ni na zo, kuma ya ga yadda na zo.

Dawowa a mota muka yi, don alwashina na zuwa ne, ban yi na komowa ba. (Ko a cikin tashin hankali ban rasa wayo duka ba.) Labari kuwa ya riga mu isa, don kowa na da portabul, wato wayar hannu. Tun daga bakin layi yara ke bina suna "Inna Hari! Inna Hari!" kuma sunan ya zauna, har masu sayen masa da shi suke sallama yanzu. Na shiga gida na tarar da Rakiya da ɗanta a goye, ta rungume ni tana dariya tana hawaye. Malam yana zaune a kan tabarma. Ya dubi silifa ja da shuɗi, ya dubi ƙafar da ke naɗe, ya tashi da kansa ya je randa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ciko moɗa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya miƙo hannu a hankali kamar mai ba baƙuwar akuya dusa.

"Tsaya, kada ki gudu," in ji shi. "Wannan na sha ne."

Na karɓa na shanye. Da na sauke moɗar sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sannu da hanya, Hajiyar ƙahwa."

Abin da na koya dai shi ne, tsoro ba ya jin yaren kowa sai nasa, kuma in ya riga ka shiga kunne, shi zai yi maka tafinta. Yanzu in na ji ihu, sai na dubi abin da ke kan mai ihun kafin in ba ƙafa izini. Amma duk mai dariya ya yi ta yi. Ƙafar da ta guje wa ruwa, ita ce dai ta kai hubbare.